Abin da Ilya ya yi ta zuwa faɗa mini

Zuwa ga ɗana Rabe,

Assalamu alaikum. Ni da innarka da ƙannenka muna gaishe ka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka ka sauka Yamai lafiya, ya tsare ka a masauki da wurin aiki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya nesanta ka da masu fara'a a fuska da wuƙa a baya. Amin.

Labarin gida ba zan ba ka ba, direban da zai kawo maka takardar bakinsa ya fi alƙalamina gudu. Aikin da ka samu ne ya zaunar da ni rubutu. Ka ce maigidan naka zai riƙa aika ka wuraren da 'yan kasuwa ke haɗuwa don su san juna, masu wake da masu albasa da masu manyan motoci, ka gaisa, ka ƙulla hulɗa, ka komo masa da labari. To, wannan sana'ata ce, dillanci, sai dai kai an sa maka takalmi sau-ciki. Kuma na lura ka gaji bakina. Ranar da ka je sallama da kawunka, ya fara yi maka addu'a, ka riga shi ƙarasa ta. Kowa ya yi dariya, ban da ni, domin na san inda wannan hali ya kai ni.

Kana tuna Baba Ilya na Tsibiri, wanda yakan ɗora ka a amalankensa idan ya shigo gari. Ka taɓa tambayata me ya hana shi zuwa gidanmu, na ce maka siyasa ce. Ba siyasa ba ce. Ga abin da ya faru.

Ni da Ilya tare muka tashi, uwarsa da uwata 'yan gari ɗaya ne. Duk geron da ya noma ta hannuna yake shiga kasuwa. Yana da shanun huɗa biyu da amalanke, su ne dukiyarsa, su ne kuma suka sa bai taɓa barin gida da rani ba kamar sauran samarin garinsu. A shekarun da aka buɗe jam'iyyu, damina ta yi gardama a wajensu, gero bai yi ba, kara da harawa ma ba su yi ba. Gari kuma ga yadda yake: ma'aikata wata da watanni ba albashi, lakwal, wato makarantar boko, yau a buɗe gobe a rufe, darajar sefa ta karye, komai ya yi tsada. Ilya ya duba ya ga ba shi da abin da zai riƙe shanu har ruwa ya sauka. Abin da yake so shi ne ya samu mai garka a Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan famfo, ya kai shanun su yi huɗa su ci ɗanyar ciyawa, a ba shi kasonsa. In bai samu ba, sai ya sayar da su ya tafi cirani. Na faɗa maka wannan tun yanzu, amma ni a lokacin ban sani ba, kuma ba don bai faɗa ba.

Zamanin soja da raɗa muke magana, ko a zaure sai mutum ya waiga. Da aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, bakina ya buɗe bai ƙara rufewa ba. A kasuwa Rediyo ake kirana, ni kuma ina jin daɗi, na ɗauka kirari ne. Ilya ba jam'iyyarmu ɗaya ba, saboda haka duk ranar da na gan shi a ƙofar gida, abin da ke zuwa raina shi ne yau sai na juyo da shi.

Ka san mutumin ƙasarmu ba ya shigowa da buƙatarsa a baki. Zai gaishe ka, ya tambayi iyali, ya sha ruwa, ku yi hirar duniya. Sai an tashi rakiya, yana laluben takalmi da ƙafa, sannan zai ce "af, da ma", ya ajiye abin da ya kawo shi a hankali, yadda in ba ka ɗauka ba ba wanda ya ji kunya. Na san wannan tun ina yaro, da shi nake cin abinci. Amma sani dabam, aiki da shi dabam.

Ranar farko da ya zo, na cika shi da labarin mitin tun daga sallama har aka kira la'asar. Da na raka shi bakin titi ya tsaya ya ce, "Abdu, shanun nan hwa sun soma ramewa."

Na ce, "Yo ba dole ba? Mutane ma sun rame, bare shanu. Ai sai da na hwaɗa muku mutanen nan da kuka bi ba su iya riƙon ƙasa ba."

Ya yi murmushi ya ce, "To, sai an jima."

Ya sake dawowa wata ranar kasuwa. Wannan karon har ya matso da maganar kusa. Muna tsaye wajen amalanke yana gyara igiya, ya ce, "Da ma ina son in tambaye ka, ko ka san wani wajen Jiratawa..."

Ban bari ya dire ba. Na ce, "Jiratawa? Ai Jiratawa tamu ce kakaf, ko kaza ba ku da ita can." Na shiga lissafa masa manyan garin da suka komo wajenmu. Ya saurara har na gaji don kaina, ya hau ya kaɗa shanunsa.

Shawarata a nan gajeriya ce. Idan mutum ya zo wurinka, ko kun haɗu a taro, ka yi duk surutun da za ka yi a farko in ya zama dole, amma da zarar ya miƙe, ka kama bakinka. Ka raka shi a hankali, kada ka cike masa hanya da zance. Shirun nan na bakin ƙofa da kake jin ya yi maka nauyi, nasa ne, a ciki yake neman inda zai ajiye maganarsa. Kuma idan ya fara jimla, ka bar shi ya kai ƙarshenta ko da kana ganin ka san inda za ta. Sau da yawa ba can za ta ba.

A wannan lokacin ne muka kafa ƙungiya, domin zamani ne da ko masu faskare suna da ƙungiya da shugaba da ma'aji. Tamu ta haɗa dillalai da masu motoci na Maraɗi da manoman Tsibiri da na Jiratawa, da nufin mu san juna, mai kaya ya samu mai saye, mai saye ya samu mai ɗauka. Muna haɗuwa a wata rumfa nan Sabon Gari. Niyyar mai kyau ce, zaman kuwa kasuwa ta fi shi natsuwa. Kowa ya shigo da maganarsa a shirye. In wani na magana, sauran ba sauraro suke ba, jira suke ya ja numfashi su faɗa ciki. A tashi a watse kowa ya gamsu ya yi jawabi, ba wanda zai iya faɗa maka abin da na kusa da shi ya zo nema.

A cikin masu zuwa akwai Malam Hamza, dattijo mai garka a Jiratawa. Wata rana ya zauna kusa da ni, ya miƙe ƙafa da ƙyar ya ce, "Gwiwar nan ta hana ni aiki bana, ga yaran duk sun tahi kudu."

Me kake tsammani na yi? Na kwatanta masa wani mai magani a bayan tasha, na ba shi labarin yadda ya warkar da surukina, na ƙara da cewa ya rage zama a ƙasa. Ya ce ya gode. Mutum na gaya mini garkarsa za ta kwana ba huɗa, in kuma ta kwana koferatif, ƙungiyar da ke rabon garake, na iya ba wani ita, ni kuwa na tsaya a gwiwa. Dillali guda, mai shanu a hannun dama, mai garka a hannun hagu, ban haɗa su ba.

Ka kiyaye wannan ma. Idan mutum ya yi maka kukan wani abu, kada ka yi saurin miƙa masa magani. Mai saurin ba da shawara yawanci so yake a gama maganar wani a koma tasa. Ka tambaye shi, to yanzu me wannan ya hana ka? Amsar ita ce abin da ya zo da shi.

Ilya ya daina zuwa. Na ce a raina ya ji zafin gaskiya ne, zai huce. Har na riƙa faɗa a kasuwa cewa siyasa ta raba ni da aminina, ana tausaya mini.

Ƙungiya ta kusa mutuwa, don manoma sun fara cewa ba za su ƙara ɓata yininsu su zo jin jawabin 'yan birni ba. Malam Hamza ne ya ce a gwada wata hanya. Ya ce su a Jiratawa ruwa ɗaya ne, magudana ɗaya, in kowa ya buɗe nasa lokaci guda ba wanda zai jiƙa ko kunya ɗaya. Shi ya sa ake bi da bi: a sakar wa wannan, maƙwabci ya tsaya, kuma ba a toshewa sai mai garka da bakinsa ya ce ya isa. Ya ce a yi magana haka mana.

Ga yadda aka tsara. A zauna bibbiyu, kowa da wanda ba su saba ciniki ba. Na farko ya faɗi abin da ke hannunsa da zai iya amfanar wani da shi, sannan ya faɗi abin da yake nema. Dole ya faɗi duka biyun, ba a yarda mutum ya ce shi alhamdu lillahi ba ya neman komai ba. Na biyu ba ya cewa uffan. In na farko ya gama, sai na biyu ya mayar masa da abin da ya ji. In mai magana ya ce haka ne, a juya. In ya ce ba haka ba, a sake. Bayan nan a komo a yi da'ira, kowa ya tashi ya yi magana, amma a madadin abokin zamansa, ba ya faɗin nasa. Wani mai mota ya ce wannan ai ba ni gishiri in ba ka manda ne, sunan ya bi zaman har yau.

Ni na fi kowa yi wa abin dariya. Na ce mutane da gemunsu za a mayar 'yan lakwal. Sai rabo ya haɗa ni da Malam Hamza kansa. Ya yi maganarsa a natse, ni kuwa tun jimlarsa ta farko na tafi shirya tawa, ina auna yadda zan jera abin da ke hannuna ya ƙayatar. Da ya yi shiru na ce, "Ka ce gwiwa na damunka, kuma kana neman mai sayen tumatir."

Ya ce, "Gwiwa gaskiya ce. Tumatir kuwa kai ka shuka shi, ni ban ambace shi ba. Mu sake."

Aka sake, na sake zubarwa. Na kusa da mu suka fara ƙyaƙyata, wani ya ce Rediyo ai ba ta da kunne. Na ji haushi ƙwarai, har na so in tashi. Abin da ya zaunar da ni girman kai ne kawai, kada a ce Abdu ya kasa abin da manomi ya iya. Na ajiye tawa maganar gefe, na dubi bakinsa. A nan na ji shi. Yana da garka da ruwa da ciyawa har ta yi masa yawa. Yana neman mutum mai shanun huɗa, mai amana, ya zo ya yi rani tare da shi a raba amfani. Na mayar masa, ya ce haka ne.

Da aka yi da'ira na tashi na faɗa da murya mai ƙarfi, ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa. Sai wani ya yi magana daga bayan rumfa. Nomau ne, ƙanen Ilya, ban ma lura ya zo ba.

Ya ce, "Yaya Abdu, wanga abu ai shi yayana ya yi ta zuwa gidanka dominsa. Cewa ya yi kai ka san kowa a Jiratawa."

Na ce, "Ina Ilyan? A kira shi mana."

Ya ce, "Ya saida shanun a kasuwar Tsibiri. Ya tahi cirani Kurmi, can kudu, iyalinsa na wurina."

Malam Hamza ya dube ni ya ce, "Ni ma tun kaka nike hwaɗa maka." Kafin a watse wani mutum daga ƙauyen bayan gulbi ya ɗaga hannu ya ce shi yana da shanu, suka daidaita a nan take. Abin da ya gagare ni rani guda ya ƙare a zama ɗaya. Na yi baƙin ciki a ranar irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Mun ci gaba da wannan zama, kuma na daɗe ina lura da abin da ya sa yake aiki. Mutum in ya san za a ce ya maimaita, kunnensa kan tashi daga barci, domin ba mai son a ƙaryata shi a gaban jama'a. In ya san lokacinsa na zuwa ba wanda zai ƙwace masa, sai ya daina gadin bakinsa ya saurara. Amma abin da ya fi girma a wurina shi ne kunya. Tunda kowa sai ya nemi wani abu, har Alhajin da ke da motoci, nema ya daina zama roƙo. Kuma buƙatarka a bakin wani ta fi sauƙin fita. Mutumin da zai gwammace ya kwana da yunwa da ya ce ina so, ba ya jin komai in abokin zamansa ya tashi ya ce wane yana neman kaza. Da akwai irin wannan zama a lokacin, da Ilya bai tsaya jiran rakiya ba.

Kada ka ɗauka maganin komai ne. Maƙaryaci ko an zaunar da shi bibbiyu ƙarya zai yi, sai dai ka ji ta da kyau. Akwai manyan da suka ƙi zama da yara, akwai waɗanda suka daina zuwa don an hana su jawabi. Ni kaina har yanzu in na yi sake sai in tsinci bakina a tsakiyar maganar wani. Hali zanen dutse ne, abin da na samu kawai shi ne yanzu ina jin lokacin da na yi, in ce yi haƙuri, ƙarasa.

A Yamai ba lalle ka samu masu shimfiɗa irin wannan zama ba, kuma kai baƙo ne, yaro, kada ka je ka ce za ka tsara wa manya taronsu. Ka yi shi kai kaɗai, ba wanda zai sani. Duk wanda kuka gaisa, kada ku rabu sai ka san abin da ke hannunsa da abin da yake nema. Kafin ka faɗi naka, ka ce masa, in na fahimta, kaza kake nufi? In ya gyara maka, ka gode masa, ya ba ka kyauta ne. Kai ma ka faɗi abin da kake nema a fili, kada ka yi ta nuna kai mai bayarwa ne kullum, mutane ba sa sakin jiki da wanda ba ya buƙatar kowa. In kuma ka ji buƙatar wani a nan, ka ga mai maganinta a can, ka haɗa su ko ba ka da ko sisi a ciki.

Ilya ya zo ganin gida da babbar salla. Na hau kabu-kabu na tafi Tsibiri, na iske shi a ƙofar gida, ya rame, ya yi baƙi, hannuwansa duk kanta. Dako yake yi a can Kurmi. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura. Na so in ba shi haƙuri, sai na ga in na fara, jawabi zan yi kuma. Saboda haka na ba shi labarin zaman da muke yi, na ce ina so mu yi ni da shi, shi zai fara.

Ya yi dariya ya ce, "Abdu, kai da shiru? To bari mu gani."

Na yi shiru. Ya daɗe yana kallon turken da babu komai a kansa, sannan ya ce, "Abin da ke hannuna, lahiya da ƙarhi, alhamdu lillahi. Abin da nike nema kuwa, wallahi ba don hushi ba, ba ni neman komi wurinka."

A ƙa'idar zaman ba a yarda da wannan amsa ba. Ban ce masa haka ba. Na ce, "Ka ce kana da lahiya da ƙarhi. Ka ce ba ka hushi da ni, kuma ba ka neman komi wurina."

Ya ce, "Haka ne."

Tun muna yara, wannan ne karo na farko da na ji maganarsa daidai. Bayan salla ya koma Kurmi, daga baya ya aiko aka kai masa iyalinsa. Muna gaisawa ta bakin direbobi.

Allah ya tsare ka, Rabe, ya tsare mutuncinka da abincinka. Allah ya kai ka inda za ka lafiya ya komo mana da kai lafiya, ya sa kada wani ya zo ƙofarka da buƙata ya koma da ita ba ka sani ba. Innarka ta ce ka riƙe salla, kuma ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ka gaida maigidanka da mutanen masaukinka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Abdu
Sabon Gari, Maraɗi